Tulu, buntu da inuwa: Yadda masu dashe a Injamena ke rage wahalar ban-ruwa

Daga wakilinmu a Injamena

Duk wanda ya saba yin sammako a birnin Injamena, musamman 'yan kasuwar da ke hanzarin isa gadar Ngeli domin tsallakawa Kusiri ta ƙasar Kamaru, ya san cewa kafin rana ta fito masu renon dashe a gefen tituna da bakin kogin Shari sun riga sun jiƙe sharkaf, suna kai da komo da bokiti da butar ban-ruwa a tsakanin layukan mangwaro da gwaiba da lemun tsami da darbejiya da furanni iri-iri. Idan mutum ya dawo da la'asar sakaliya zai sake tarar da su a kan wannan aiki, kamar ba su ne suka yi shi da safe ba.

Baƙo zai yi mamakin jin cewa ruwa na da tsada a wannan birni, domin kuwa a nan ne kogin Logon ya haɗu da Shari, kuma Shari ne ke kai wa Tafkin Chadi mafi yawan ruwansa. Ko a shekarar 2022 da ta 2024 ambaliya ta kori dubban jama'a daga gidajensu a unguwannin bakin kogi irin su Waliya. Amma duk da haka, ruwan sama da birnin ke samu a shekara bai wuce milimita 500 da 'yan kai ba, kuma kusan dukkansa yana zuba ne tsakanin watan Yuni da Satumba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu sai hunturu da ƙura, sannan bazara ta shigo da zafin da ke haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu da Mayu. A unguwanni da dama kuma, ruwan da ake sha da wanda ake bai wa shuka duk na saye ne daga masu turin kura, jarka-jarka mai cin lita 20.

Wannan magana ta shafi 'yan kasuwarmu ta fuska biyu. Da farko akwai waɗanda suka mayar da dashe haja, suna sara a nan su kai Kusiri, wasu har Fotokol da Gamboru. Na biyu kuma akwai masu ajiye tukwanen furanni a ƙofar shago ko a tsakar gida. Dukkansu matsalarsu ɗaya ce: ɗan kasuwa ba mazaunin gida ba ne. Ya fita da asuba sai dare, wani lokacin ma ya yi kwana uku ko huɗu a hanyar Marwa ko Maiduguri, shuka kuwa ba ta san uzuri ba.

Asarar da ta koya mana hankali

Mu ma da ke wannan rubutu sai da abin ya ci mu kafin muka tashi neman bayani. A wata bazara mun tara kuɗi a gidan rediyon al'umma da muke aiki, muka sayi tukwane 12 na furanni da ƙananan itatuwa muka jera a bakin ƙofa, jikin katangar da ke fuskantar yamma. Bayan hutun sallah muka dawo muka tarar tara sun bushe ƙarmas. Nan take muka ɗora laifin a kan yaron da muka bar wa amanar ban-ruwa, shi kuwa ya yi ta rantsuwa cewa safe da yamma bai taɓa fashi ba.

Wani dattijo mai renon dashe da muka gayyato ne ya raba gardamar. Ya ɗauki tukunya ɗaya ya juye ta a gabanmu, sai ga ƙasar ta fito dunƙule guda, gefenta da ɗan danshi amma tsakiyarta busasshiya kamar gari. Ya nuna mana cewa ƙasar ta bushe har ta janye daga jikin tukunyar, saboda haka duk ruwan da yaron ke zubawa ta gefe yake zurarewa ya fita ta hudar ƙasa, ba tare da ya taɓa saiwa ba. Saiwoyin da ke ɓangaren rana kuma sun dafe saboda zafin baƙar roba da na katanga. Yaro ya yi aikinsa, mu ne muka ajiye shukar a inda ba za ta rayu ba. Sai da muka ba shi haƙuri.

Tun daga ranar muka shiga bin masu wannan sana'a muna tambaya, kuma abin da muka taro shi ne muke son mu raba da mai karatu.

Ƙofofi uku da ruwa ke fita

Itacen da ke cikin gona yana iya tura saiwarsa ƙasa ya nemo danshi, amma wanda ke cikin tukunya ko leda ba shi da komai sai abin da aka zuba masa. Wannan ɗan ruwa kuwa ta ƙofa uku yake gudu. Ta farko ita ce ganye, domin shuka tana fitar da tururi ta wasu ƙananan kafofi a jikin ganyenta, kuma idan iska busasshiya na kaɗawa fitar takan ninka. Ta biyu ita ce fuskar ƙasa, wadda rana ke shanyewa kai tsaye. Ta uku ita ce gindi da jikin mazubin, inda ruwa ke zurarewa idan ƙasar rairayi ce zalla, ko ya tsatso ta jikin tukunyar yumɓu.

Abin lura a nan shi ne, ƙara yawan ruwa ba ya rufe ko ɗaya daga cikin waɗannan ƙofofi. Hasali ma yana wanke takin da ke cikin ƙasar, wani lokacin kuma ya ruɓar da saiwa. Duk dabarun da ƙwararrun masu dashe ke yi, idan aka duba, ƙoƙari ne na rage wa ƙofofin nan faɗi.

Bari mu yi ɗan lissafi a matsayin misali, tunda da 'yan kasuwa muke magana. A ce mutum na da dashe 1,000, kowane yana shan rabin lita a rana. Lita 500 ke nan, wato jarka 25 kullum, jarka 750 a wata. Idan ya yi dabarar da ban-ruwan ya koma bayan kwana bibbiyu, ya tsira da kuɗin jarka 375 a wata guda. Kowa ya buga wannan da farashin jarka a unguwarsu, zai ga inda ribarsa ke tsiyayewa.

Gyaran ƙasa da girman mazubi

Aikin yana farawa ne tun kafin a sa iri. Rairayin bakin kogi ba ya riƙe ruwa, baƙar laka kuma tana riƙewa har ta shaƙe saiwa, idan ta bushe ta tsattsage. Masu sana'ar suna haɗa su ne da ruɓaɓɓen taki, kuma hadin da muka fi cin karo da shi shi ne kashi biyu na ƙasar gona, kashi ɗaya na rairayi, kashi ɗaya na taki. Takin shi ne ke aiki kamar soso, ya tsotse ruwa ya riƙa sakinsa a hankali. Sharaɗin shi ne ya zama ya ruɓe sosai, ya yi baƙi, ba ya wari ba ya zafi, domin ɗanyen kashin shanu ko na kaji yana ƙona saiwa, yana kuma kawo tsutsa da 'ya'yan ciyawa.

Garin gawayi ma yana taimaka wa ƙasa riƙe danshi, amma tun da gwamnatin Chadi ta hana sana'ar gawayi a farkon shekarar 2009 domin kare itatuwa, ba mu bai wa kowa shawarar nemansa ba. Buntun shinkafa da aka babbaka bai zama toka ba yana yin wannan aiki, kuma ba wuyar samu gare shi ba tunda ana noman shinkafa a bakin Logon, wajajen Bongor da Yagwa.

Sai girman mazubi. Ƙaramar leda ko gwangwanin tumatir arha gare su, amma ƙasar cikinsu cikin 'yan sa'o'i take bushewa. Babbar tukunya mai zurfi ta fi ƙananan guda uku jimirin rana. Tun lokacin da hukumar birnin Injamena ta ɗaura yaƙi da leda a shekarar 2010, jama'a suka ƙara sabawa da yanka tsofaffin jarkoki da bokitai suna shuka a ciki, wanda hakan ba laifi ba ne matuƙar an huda gindinsu. Mazubin da ba shi da huda kabarin shuka ne.

Akwai kuma zaɓi tsakanin roba da yumɓu. Roba tana riƙe ruwa amma tana ɗaukar zafi, balle ma baƙa. Tukunyar yumɓu tana sanyaya saiwa amma tana shan nata rabon ruwan. Dabarar da ta haɗa amfanin biyun ita ce a shuka a cikin roba, a saka robar cikin tukunyar yumɓu da ta fi ta girma, a cike tsakaninsu da rairayi ko buntu. Wanda ba shi da halin haka ya naɗe robar da tsohon buhu, ko ya shafe ta da farar ƙasa.

Rami, rumfa da lulluɓi

Idan mutum ya shiga wurin renon dashe na waɗanda suka daɗe a sana'ar, wanda a nan ake kira pepiniyar da bakin Faransanci, zai lura ba a kan tudu suke jera ledojinsu ba. Sukan haƙa kwari mai zurfin tsawon ledar, faɗinsa kimanin mita ɗaya domin hannu ya kai tsakiya daga kowane gefe, su jera dashen a ciki a matse, sannan su tura ƙasa a gefuna. Da haka rana ba ta dukan jikin ledar, iska ba ta ratsa tsakaninsu, kuma tururin da wannan ya fitar yana sanyaya maƙwabcinsa. Mai tukwane a gida ma zai iya koyi da wannan ta hanyar tara su wuri guda, manya a ɓangaren rana, ƙanana a bayansu. Tukunyar da aka ware ita kaɗai a kan siminti ita ce ke fara mutuwa.

Rumfar zana ko ta karan dawa mai barin haske ya ɗan ratso ta fi rumfar kwano, wadda ke mayar da wurin kamar tanda. Abin da ake so shi ne shuka ta sha hantsi, ta tsira daga ranar azahar zuwa la'asar. Saboda haka jikin katangar gabas ya fi na yamma, darasin da muka biya kuɗin tukwane tara kafin muka koya. A lokacin hunturu kuma, shingen zana ta ɓangaren arewa maso gabas, inda iskar ke fitowa, yana rage bushewa ƙwarai.

Lulluɓi shi ne mafi arha a cikin dabarun duka. A rufe fuskar ƙasar da buntu ko ɓawon gyaɗa ko ƙaiƙayi ko busasshen ganye, kaurin yatsa biyu zuwa uku, amma a bar ɗan fili a gindin shukar kada ya ruɓe. Wanda ya ɗaga lulluɓin da tsakar rana ya taɓa ƙasar da ke ƙarƙashi zai ji bambancin da hannunsa. Illar da ke ciki ita ce gara, saboda haka a riƙa dubawa. Da yawa daga masu sana'ar sun fi son ganyen darbejiya, wasu kuma tsakuwa suke zubawa a inda gara ta yi yawa.

Tulun Gawi

Kimanin kilomita 10 arewa maso gabas da Injamena akwai ƙauyen Gawi, wanda ake rubutawa Gaoui a allunan hanya. Garin Kotoko ne mai tsohon tarihi da ke danganta kansa da mutanen Sao, kuma matansa sun shahara wajen ginin tukwane da tuluna da randuna, waɗanda ake kawowa kasuwannin birni. Mafi yawanmu mun san tulun ne a matsayin abin sanyaya ruwan sha. Amma dalilin da ya sa yake sanyaya ruwa, wato tsatsar da yake yi ta jikinsa, shi ne ya mayar da shi injin ban-ruwa da ba ya bukatar wuta ko fetur.

Yadda ake yi shi ne, a binne tulu ko ƙaramar tukunya a cikin ƙasa har wuya, kusa da shukar, a cika shi da ruwa a rufe bakinsa. Idan ƙasar da ke kewaye ta bushe sai ta riƙa jan ruwan ta jikin yumɓun, idan ta jiƙe kuma jan ya ragu. Cikin 'yan makonni saiwoyi za su zo su kewaye tulun. Da yake ruwan a ƙarƙashin ƙasa yake fita, rana ba ta samun rabo mai yawa, ciyawa ma ba ta cika tsirowa ba. Maimakon ban-ruwa safe da yamma, sai a riƙa cika tulun bayan 'yan kwanaki, gwargwadon girmansa da zafin lokacin. A babbar tukunyar furanni ko rabin duro, 'yar ƙaramar tukunya a tsakiya ta wadatar. A gona ko ƙofar gida kuma, tulu ɗaya na iya raya sabon dashen mangwaro a shekararsa ta farko.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce a duniya. Wani masanin noma na ƙasar Sin mai suna Fan Shengzhi ya rubuta bayaninta sama da shekara 2,000 da suka wuce, kuma har yau manoma na amfani da ita a busassun yankunan Indiya da Iran da Meziko. A ƙasar Hausa ma mun ga abin da yumɓu zai iya yi: marigayi Muhammad Bah Abba, wani malami daga jihar Jigawa a Nijeriya, ya yaɗa firjin tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen rairayi a tsakani domin adana tumatir da alayyafo, har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

Sai dai akwai ƙa'idoji. Tulun ya zama wanda ba a shafa masa fenti ko siminti ba. Kafin a saya a cika shi da ruwa a ajiye a inuwa: idan jikinsa ya yi gumi ya yi daidai, idan yana ɗiga ya tsage, idan ya tsaya a bushe kuma ba zai yi aiki ba. A zuba masa ruwa mai tsabta, domin ruwan laka yana toshe kafofinsa. Sannan murfi wajibi ne, saboda a lokacin zafi ƙwan sauro na iya zama sauro cikin mako ɗaya zuwa kwana goma, bai kamata mu raya fure mu kawo wa yara zazzaɓin cizon sauro ba.

Dabarar matafiyi: lagwani da gora

Ga ɗan kasuwar da zai yi kwana uku ko huɗu a hanya, akwai hanyoyi biyu masu sauƙi. Ta farko ita ce lagwani, irin na fitilar aci-bal-bal. A yago tsumman auduga mai faɗin yatsa biyu, a jiƙa shi, a cusa ƙarshensa ɗaya cikin ƙasar tukunyar kusa da saiwa, ɗaya ƙarshen kuma a cikin bokitin ruwa da aka ajiye a gefe aka rufe. Yadda lagwani ke jan kananzir, haka tsumman zai riƙa jan ruwa. Ya fi dacewa da ƙananan tukwane, kuma tsumman ya zama gajere, domin idan ya yi tsawo iska na busar da shi a hanya.

Ta biyu ita ce gorar roba mai lita ɗaya da rabi. A huda gindinta da allura wuri biyu ko uku, a binne rabinta a cikin tukunyar, a cika ta da ruwa. Murfin ne ke daidaita gudun ruwan: a ɗaure shi ruwan ya rage fita, a sassauta shi ya ƙara. Duk wadda mutum ya zaɓa, ya gwada ta mako guda kafin tafiya, domin ba ranar tafiya ake gwajin dabara ba.

Furannin ratayawa, waɗanda masu otal da gidajen abinci ke sha'awa, su ne suka fi kowane wahala. Iyayenmu mata sun san ragaya, wadda ake rataye ƙwaryar nono domin iska ta buga ta, kuma wannan iskar ce abokiyar gabar shuka, tunda ta kowane gefe take dukan kwandon. Wanda ya nace sai ya rataya, ya zaɓi kwando babba, ya shimfiɗa masa leda mai 'yan hudoji a ciki, ya ajiye ɗan kasko a gindinsa kafin ya zuba ƙasa domin ya tare wani abu daga ruwan, ya kuma rataye shi a ƙarƙashin rumfa. Idan bazara ta tsananta, babu abin kunya a sauke shi ƙasa har damina ta faɗi.

Lokaci da yadda ake bayarwa

Ruwan asuba ya fi kowane albarka, sai na bayan la'asar. A zuba shi a gindi a hankali har sai ya fara fita ta hudar ƙasa, sannan a ƙyale shi. Yayyafin sama-sama kullum yana sa saiwa ta tsaya a sama inda zafi yake. Kafin a ƙara, a zura yatsa gaɓa biyu cikin ƙasar: in da danshi a haƙura. Haka kuma ganyen da ya yi laushi da tsakar rana ba lallai ƙishirwa ba ce, a duba shi da safe tukuna.

Idan ƙasa ta bushe har ruwa na bi ta gefe, kamar yadda ya faru da namu, maganin shi ne a tsoma tukunyar gaba ɗaya cikin baho har kumfa ta daina tasowa, sannan a fitar da ita ta tsane.

Ruwan alwala da na wanke shinkafa ko ganye duk suna da amfani, kuma shagon da ya ajiye tukunyarsa inda ake alwala ya huta da sayen ruwanta. Amma ruwan wanki mai omo ko bilic, da ruwan da ke da mai ko gishiri, guba ne ga shukar tukunya. Idan aka ga farin ɓawo a fuskar ƙasar, gishiri ne ya taru, sai a kankare shi a yi mata ruwa mai yawa sau ɗaya ya wanke. Takin zamani ma a rage shi da bazara, domin yana fitar da sabon ganye mai yawa, yawan ganye kuwa yawan ƙishirwa ne.

Tsallaka iyaka da dashe

Masu kai dashe kasuwannin iyaka sun fi yin asara a hanya. Ƙwararru suna fara shiri ne makonni kafin ranar lodi, su riƙa rage wa dashen ruwa da inuwa kaɗan-kaɗan domin ya horu, su kuma riƙa ɗaga ledojin suna yanke saiwar da ta huda ta shiga ƙasa. Dashen da aka tumɓuke ranar tafiya da saiwarsa a cikin ƙasa, da wuya ya kai kasuwa da ransa.

A ba shi ruwa sosai daren jajibirin tafiya, ya kwana ya tsane, domin jiƙaƙƙiyar leda nauyi gare ta kuma saurin fashewa take. A rage masa manyan ganye. A cikin mota a jera shi a tsaye a matse, a rufe shi da jiƙaƙƙen buhu, domin iskar buɗaɗɗiyar mota tana busar da ganye fiye da rana. Kada a lulluɓe shi da tamfol na roba, zai dahu. A tanadi jarka ɗaya ta musamman saboda jiran layi a bakin gada, a kuma tuna cewa a doka tsallaka iyaka da tsirrai na bukatar takardar jami'an lafiyar tsirrai, gara a neme ta tun da wuri da a bar kaya a rana ana ciniki. In an isa, a ajiye shi a inuwa kwana biyu ko uku kafin a baje shi.

A san abin da za a saya

Daga ƙarshe, ba kowace shuka ce ta dace da ɗan kasuwa ba. Na'ana'a da daidoya da yawancin furanni masu faɗin ganye suna son ruwa kullum. Kariya, wadda Turawa ke kira furen hamada, tana tara ruwa a kututturenta, tana iya yin kwanaki babu ko ɗigo, sai dai ruwan jikinta dafi ne, a nisanta ta da yara da dabbobi. Alobera, 'yar'uwar kabar giwa, ita ma haka take da jimiri. A cikin itatuwa kuwa, lalle da zogale da darbejiya da dakwara, wadda ake samun ƙaron da Chadi ke fitarwa waje daga jikinta, duk sun san wannan rana.

Kasuwar dashe ba ƙarama ba ce a wannan ƙasa. A shekarar 2008 gwamnati ta ƙaddamar da shirin kewaye Injamena da itatuwa daga wajajen Gawi, kuma a wannan birni ne ƙasashe 11 suka sa hannu a ranar 17 ga Yunin 2010 kan kafa hukumar Babbar Koriyar Ganuwa, shirin da ke son shinge hamada daga Senegal zuwa Jibuti. A kowace damina ana dasa itatuwa a makarantu da masallatai da gidaje. Amma kowa ya san dasawa ba ita ce wahalar ba, wahalar ita ce watannin rani da ke biye.

Saboda haka shawararmu ga masu wannan sana'a ita ce, kada su sayar da dashe su bar mai saye cikin duhu. Wanda ya ajiye tulunan Gawi da buhun buntu kusa da hajarsa, ya kuma ɗauki minti biyu ya yi wa mai saye bayani, ya ƙara wa kansa ciniki, kuma mutumin da itacensa ya rayu shi ne zai dawo baɗi da maƙwabcinsa. Mu dai tukwane ukun da suka tsira mun mayar da su jikin katangar gabas, mun lulluɓe su da ɓawon gyaɗa, mun binne wa kowace 'yar tukunyarta, kuma yaron da muka zarga shi ne ke cika su sau biyu a mako. Allah Ya sa wa kasuwa albarka, Ya ba mu damina mai amfani.